Fiyoni mai itace, mai kara ko haɗin Itoh: wanne za ka shuka a lambun gida?

Abu na farko da ya kamata mai lambu ya duba kafin ya zaɓi fiyoni (peony a Turance, tsiron ado mai manyan furanni) shi ne hunturun garinsu. Kowane irin fiyoni sai ya yi barcin sanyi sannan ya buɗe fure. Mai kara, wato wanda ke bushewa har ƙasa kowace kaka, yana son makonni shida ko fiye da zafin iska bai wuce digiri 7 a ma'aunin Salsiyas ba. Mai itace yana wadatuwa da sanyin da bai kai haka daɗewa ba, amma shi ma ba ya fure inda babu hunturu na gaske. A ƙasa mai zafi duk shekara zai yi ganye shekara ɗaya ko biyu, ya rame, ya mutu, kuma taki ko ban ruwa ba sa gyara wannan. Watannin da za mu ambata na arewacin duniya ne, inda kaka ke kamawa daga Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ke kudancin duniya sai ya ƙara wata shida.

Idan sanyin ya samu, zaɓin yana tsakanin iri uku ne, kuma kusan duk bambancinsu daga wuri ɗaya ya taso: inda idon furen baɗi, wato ɗan tohon da zai zama fure, yake kwana a hunturu.

Fiyoni mai itace, wanda Sinawa ke kira mudan, Japanawa kuma botan, ƙaramin itace ne mai rassa da ke kai mita 1 zuwa 2. Ganyensa yana zuba a kaka amma rassan suna nan, kuma a jikinsu idanun furen suke, a sarari, iska da ƙanƙara suna dukansu. Mai kara, wanda akasarinsa ya fito daga Paeonia lactiflora, yana bushewa har ƙasa kowace kaka, idanunsa suna ɓoye a kan saiwa. Haɗin Itoh kuwa ɗan biyun ne: ganye da fure na mai itace, ɗabi'ar bushewa ta mai kara. Wani Bajapane mai suna Toichi Itoh ne ya yi nasarar haɗa su a 1948, ya rasu a 1956 bai ga furensu ba. A 1974 aka yi rajistar huɗun farko a Amurka.

Zurfin shuka, inda aka fi yin kuskure

Dokar mai itace da ta mai kara kishiyoyin juna ne, kuma mutane da yawa suna ɗaukar ta ɗaya su ɗora wa ɗayan.

Mai kara ana shuka shi sama-sama. Jajayen idanun da ke kan saiwa kada su nutse fiye da santimita 3 zuwa 5, inda sanyi ke da sauƙi ma santimita 2 ya isa. Aka zurfafa shi, sanyi ba zai kai ga idanun yadda ake so ba, sai ka ga ganye kore shar shekara da shekaru babu fure ko ɗaya. Haɗin Itoh ma a wannan zurfin yake.

Mai itace kuwa zurfi yake so, saboda yawancin wanda ake sayarwa ɗan aure ne. Ana yanko ɗan reshe mai ido ɗaya ko biyu a aura shi a kan guntun saiwar fiyoni mai kara. Wannan saiwa raino kawai take yi, ta ciyar da reshen shekara biyu ko uku har ya fitar da tasa. Ba zai fitar ba sai an binne shi. Don haka gaɓar auren, wato kumburin da ke tsakanin reshe da saiwa, dole ta kasance santimita 10 zuwa 15 a ƙarƙashin ƙasa. Ƙaramin dashe ma yakan kusa ɓacewa, ido ɗaya ko biyu kawai za su leƙo, kuma hakan daidai ne. Idan aka bar gaɓar a sama, saiwar rainon tana ta kumbura, reshen bai yi tasa ba, sai itacen ya tsaya cak ba girma, wata rana iska ta ɓalle shi daga gaɓar. Wanda aka sayo a tukunya galibi an dasa shi sama da yadda ya kamata, don haka a tona da yatsa a nemo gaɓar, kada a yarda da layin ƙasar tukunya.

Daga nan ne wata matsalar take fitowa, wadda mai kara da Itoh ba su da ita. Saiwar rainon tana iya fitar da nata tsiron daga gindi. Ana gane shi da ganye: nasa mai sheƙi ne, kore mai duhu, karan mai laushi. Ganyen mai itace ba ya sheƙi, yana da ɗan toka-toka, ya fi yawan tsaga. Kada a yanke tsiron a saman ƙasa, zai dawo da ƙarfi. A tona har inda ya fito a fizge shi daga tushe. Aka ƙyale shi shekara biyu, zai cinye abincin ya kashe itacen, mai lambu ya zauna yana mamakin yadda furensa ya canja launi ya ƙanƙance.

Wuri, rana da ƙasa

Mai kara da Itoh rana suke so, awa shida ko fiye a yini. Mai itace ya fito ne daga gefen dazuzzukan duwatsun Sin, don haka ya fi jin daɗin rana ta awa huɗu zuwa shida da inuwa mai tsaga-tsaga da tsakar rana. Fallen furensa siriri ne kamar siliki, rana mai zafi tana iya rage kwanakinsa da rabi. Wannan babbar dama ce ga lambun da gini ko dogon itace ya yi wa inuwa, muddin ba a dasa shi cikin saiwar babban itacen ba. A bar tazarar mita 3 ko fiye.

Akwai wani abu game da ranar safe. Mai itace yana farkawa da wuri, tun Fabrairu ko Maris idanunsa sun kumbura. Idan raɓa ta daskare a kansu da dare, rana kuma ta buge su da sassafe, narkewar gaggawa tana fasa naman tsiron, ya yi baƙi. Inda irin wannan sanyin baya-baya ya zama ruwan dare, a guji bangon da ke fuskantar gabas da kuma kwarin da iska mai sanyi ke kwanciya. Daren da aka yi hasashen daskarewa a yafa masa mayafi marar nauyi, a cire da hantsi. Itoh ya fi kowa kuɓuta daga wannan domin yana makara wajen fitowa.

Ƙasa kuwa dukkansu abu ɗaya suke nema: mai zurfi, mai taki, wadda ruwa ba ya kwanciya, ma'aunin tsamin ƙasa (pH) tsakanin 6.5 da 7.5. Sai dai mai itace ya fi rashin haƙuri da laima. Saiwarsa mai nama ce, kwana kaɗan cikin ruwa ta ruɓe, kuma ruwan da ya kwanta ya fi sanyi kashe shi nesa ba kusa ba. A gwada kafin a saya: a haƙa rami mai zurfin santimita 40, a cika da ruwa. Idan da safe akwai sauran ruwa, wurin bai dace ba sai an ɗaga kunya mai tsawon santimita 25 zuwa 30. Zuba tsakuwa a ƙasan rami cikin laka ba ya magani, ruwan zai taru ne a wurin kamar kwatarniya.

Ramin dashe ya zama faɗin santimita 60, zurfin 50 zuwa 60. A gauraya ƙasar da aka tono da ruɓaɓɓen ganye ko takin da ya shekara, kashi ɗaya cikin uku. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa. Tazara: mita 1.2 zuwa 1.5 ga mai itace, santimita 90 zuwa mita 1 ga sauran biyun.

Lokacin dashe kaka ne, kimanin makonni shida kafin ƙasa ta daskare. Dalilin shi ne fiyoni yana fitar da sababbin ƙananan jijiyoyi ne a lokacin da ƙasa ke hucewa. Wanda aka dasa bayan hunturu yana fitar da ganye babu jijiyar da za ta shayar da shi, sai ya cinye ajiyarsa ya koma baya da shekara guda.

Fure: girma, lokaci da amfani

A girma da kyau mai itace ne sarki. Furensa yana kai faɗin santimita 15 zuwa 25, yana buɗewa a Afrilu ko farkon Mayu, makonni biyu zuwa uku kafin mai kara. Amma kowane gindi kwana bakwai zuwa goma kawai yake yi cikin fure, kuma ruwa mai ƙarfi na dare ɗaya yana iya kawo ƙarshen komai. Wanda zai saye shi ya san da wannan tun farko. Abin da ke rage zafin hakan shi ne ganyensa kyakkyawa ne har kaka, kuma rassan suna riƙe furen ba tare da tokari ba.

Mai kara shi ne na yanka a sa a gora. Karansa dogo ne, da yawa cikinsu suna da ƙamshi, kuma idan aka yanke fure tun yana dunƙule, ya fara laushi a hannu, aka naɗe a takarda aka sa a firji, yana jira makonni. Yankan fure a jikin mai itace asara ce, domin dogon kara yana nufin ka tafi da idanun baɗi. Aibin mai kara shi ne tsofaffin iri masu ninki, irin su Sarah Bernhardt na 1906 da Festiva Maxima na 1851, suna kifewa ƙasa da zarar ruwa ya jiƙa su. Sai an kafa musu zoben waya tun tsiro bai wuce santimita 20 ba.

Itoh yana buɗewa a ƙarshe, kuma shi ya fi daɗewa, makonni uku ko fiye, saboda kowane kara yana da idanun gefe da ke buɗewa bi da bi. Karansa gajere ne mai ƙarfi, gindin yana tsayawa a dunƙule, tsayin santimita 75 zuwa 90, ba ya neman tokari. Shi ya kawo launin rawaya na gaske ga fiyonin da ke bushewa a kaka, kuma Bartzella, wanda Roger Anderson ya yi wa rajista a 1986, har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Aski da kulawar shekara

Mai kara da Itoh aikinsu ɗaya ne: a kaka, bayan ganye ya yi ruwan ƙasa, a yanke komai kusa da ƙasa, a kwashe a fitar daga lambu. Yin haka ga mai itace shi ne babban ta'adin da za a yi masa, kuma yana faruwa sosai idan an bar wa wanda bai san shi ba gyaran lambu. Ɗan aure da bai yi tasa saiwar ba yana iya mutuwa gaba ɗaya. Yana da kyau a ɗaura masa alama.

Askin mai itace kaɗan ne. Da fure ya zube, a yanke kansa daidai saman ganyen farko don kada ya ɓata ƙarfi wajen yin iri. Bayan hunturu, sa'ad da idanu suka kumbura har ana gane rayayye da matacce, a datse kowane busasshen tsini zuwa santimita 1 a saman ido mai rai. Kada bushewar tsinin ta tayar da hankali. Manoman Sin suna cewa mudan idan ya yi gaba goma yakan janye takwas, domin ɓangaren sabon reshe da ba shi da ido ba ya zama itace, bushewa yake yi a hunturu. Shi ya sa girmansa a hankali yake. Tsohon gindi da ya yi dogayen ƙafafu babu ganye a ƙasa ana sabunta shi a hankali: kowace shekara a sare kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassa zuwa santimita 20 ko 30, shekara uku a jere, kuma sai an tabbata yana kan saiwarsa.

Ban ruwa: shekara biyun farko a ba mai itace kamar lita 10 sau ɗaya a mako idan babu ruwan sama, a gindi, ba a kan ganye ba. Bayan nan yana jure fari. Taki sau biyu ya isa, lokacin da tsiro ya fara da kuma bayan fure, irin mai ƙarancin naitirojin kamar wanda aka rubuta 5-10-10 a jikin buhunsa, cikin tafin hannu ɗaya, a zagaye nesa da kara da santimita 20. Naitirojin mai yawa yana kawo ganye mai laushi da cuta, ya hana fure. Shimfiɗar ɓawon itace tana da amfani, amma kada ta taɓa kara.

Cutar da ta fi damun dukkansu funfunar Botrytis ce, mai zuwa lokacin sanyi da laima. Alamarta sabon tsiro ya yi yaushi farat ɗaya, gindinsa ya yi ruwan ƙasa, dunƙulen fure ya yi baƙi da toka-toka a kai. A nan ma inda idon yake kwana ne ya raba su. Mai kara da Itoh ana share cutar da yankan kaka. A jikin mai itace tana iya shiga reshe ta kwana, don haka sai an bi ta da almakashi har inda cikin itacen ya yi fari tas, ana goge almakashin da sifirit bayan kowane yanka, a ƙone abin da aka cire. Tazara da iska sun fi feshi amfani. Idan reshe guda ya bushe a tsakiyar lokacin zafi, a duba ko akwai ƙaramin rami da garin itace, wannan aikin tsutsa mai huda kara ne, a yanke ƙasa da ramin. Tururuwan da ke hawa dunƙulen fure zaƙi suke sha, ba sa cutarwa.

Idan mai itace ka zaɓa, wanne daga ciki?

Na tsakiyar Sin, irin na Luoyang da Heze, su ne tsofaffin gida, ana noma su tun kafin daular Tang wadda ta fara a 618. Suna fitar da rassa da yawa daga gindi, furen mai ninki ne ƙwarai, da yawa masu ƙamshi. Yao Huang, Wei Zi da Zhao Fen suna cikin sanannu. Sun saba da busasshen hunturu, don haka inda laima ta yi yawa suna yawan kamuwa da funfuna, kuma nauyin furen yakan sa wasu su ɓuya cikin ganye.

Na Japan, waɗanda tsibirin Daikonshima ya shahara da nomansu, falle ɗaya ne ko ninki kaɗan, suna ɗaga kai sama da ganye, ruwa yana zubewa daga kansu ba ya taruwa. Renkaku fari da Shimanishiki mai zanen ja da fari misalai ne. Ƙamshinsu kaɗan ne, rassansu ba yawa, kuma kusan duk 'yan aure ne, don haka zurfin shuka ya zama wajibi. Ga lambu mai yawan ruwan sama sun fi na tsakiyar Sin dacewa.

Dangin Paeonia rockii daga lardin Gansu na Sin, masu baƙin tabo a gindin kowane falle, su muke fara nuna wa sabon shiga. Sun fi tsayi, har mita 2 ko fiye, sun fi jure sanyi da fari, suna da ƙamshi, cuta ba ta cika kama su ba. Abin da suke nema shi ne fili, kuma ba sa son zafi mai laima.

Sai haɗin da aka yi da Paeonia delavayi da ɗan'uwansa mai rawaya daga lardin Yunnan na Sin, wanda Victor Lemoine da Louis Henry suka fara a Faransa, A. P. Saunders ya ci gaba da shi a Amurka. Su ne masu rawaya, ruwan goro da ja mai duhu, suna makara da kusan mako biyu, abin da ke tsame su daga sanyin baya-baya. A kula da tsofaffin na Faransa kamar Souvenir de Maxime Cornu: furen yana da kyau amma ya yi wa wuyansa nauyi, ƙasa yake kallo, sai dai a dasa shi a kan tudu ko bakin bango. High Noon na Saunders ya fi tsayawa kyam, wani lokaci ma yana sake ɗan fure a ƙarshen lokacin zafi.

Abin da za a duba wajen saye

Ɗan aure mai shekara ɗaya ya fi araha, amma sanda ce kawai mai ido biyu, yawan mutuwarsa ya fi, kuma fure sai bayan shekara uku ko huɗu. Mai shekara uku zuwa biyar, da rassa biyu ko uku da siraran saiwoyinsa a saman gaɓar, ya cancanci ƙarin kuɗin. Wanda aka raba daga uwa ko aka aura a kan saiwar Feng Dan, wadda ita ma mai itace ce, ba shi da matsalar tsiron mai kara. Saiwa ta zama mai tauri, babu laushi ko warin ruɓa. A jiƙa ta cikin ruwa awa biyu zuwa huɗu kafin dashe. Ga mai kara da Itoh a nemi guntun da ke da ido uku zuwa biyar. A yi hattara da hoton fure shuɗi ko baƙi ƙirin, babu fiyoni mai waɗannan launuka. Iri kuma ba ya fitar da kamannin uwarsa, yana ɗaukar kusan shekara biyu kafin ganye ya leƙo, biyar zuwa bakwai kafin fure.

A taƙaice dai zaɓin yana bin lambun. Mai son fure na yanka, ko mai hunturu mai tsanani har digiri 35 ƙasa da sifili, ko dusar ƙanƙara mai nauyi da ke karya rassa, ya ɗauki mai kara. Mai fili ɗaya cikin rana da ba ya son tokari ko aski, ya ɗauki Itoh. Mai ɗan inuwa, ƙasa mai tsane ruwa, da niyyar zama a gidan shekaru, mai itace ne nasa, kuma mu a wurinmu shi ya fi cancantar jira: sai ya shekara biyar zuwa goma yake cika, amma yana iya wuce shekara hamsin yana ƙara fure. Sai dai a zaɓi wurinsa sau ɗaya. Mai kara da Itoh ana tone su a raba a kaka su farfaɗo cikin shekara biyu, shi kuwa babban gindin mai itace idan an tashe shi yakan yi shekara biyu ko uku babu fure. Idan tashin ya zama dole, a yi shi a Satumba ko Oktoba, a cire ganye, a haƙa nesa da gindi da santimita 45 ko fiye, a rage rassa kashi ɗaya cikin uku, a mayar da shi ƙasa a ranar.